Haƙƙin Mallakar Fasaha da Aƙidar Masu Mulki: Abin da Iyakar Maigatari ke Nunawa

Haƙƙin mallakar fasaha shi ne ikon da doka ke bai wa wanda ya ƙirƙiri wani abu da basirarsa, ko littafi ne ko waƙa ko na'ura ko sabon irin shuka, na hana wasu kwafa ko sayar da abin ba da izininsa ba har zuwa wani wa'adi, wanda idan ya cika abin ya zama na kowa. Wannan mallaka ta sha bamban da ta gona ko dabba, domin wanda aka kore wa saniya ya rasa ta ke nan, amma wanda aka kwafi waƙarsa tana nan a bakinsa, abin da ya kuɓuce masa shi ne kuɗin da zai samu da ita. Tun da abin mallakar ba shi da shinge na zahiri, hukuma ce ke shata masa iyaka, kuma aƙidar masu riƙe da hukumar ce ke yanke wane ne za a kira mai ƙirƙira, da wane ne za a ɗauki aikinsa a matsayin kayan Allah.

Aƙidar jari-hujja ta ginu a kan cewa mutum ba zai zuba dukiya da shekaru a bincike ba sai yana da tabbacin cin moriyar sakamakon shi kaɗai na wani lokaci, kuma a kan haka ne Ingila ta bai wa marubuta wa'adin shekara 14 a dokarta ta 1710, Amurka kuma ta sanya batun cikin tsarin mulkinta na 1787. Tarayyar Sobiyat ta bi kishiyar wannan hanya, inda mai ƙirƙira ke karɓar takardar shaida da lada, gwamnati kuma ta riƙe ikon amfani da abin. Indiya ce ta fi dacewa da nazarin ƙasa mai tasowa, domin dokarta ta 1970, a zamanin Indira Gandhi, ta hana kowa mallakar magani shi kansa, ta yarda kawai a mallaki hanyar haɗa shi, abin da ya ba kamfanonin ƙasar damar gano sababbin hanyoyin haɗa magungunan Turai su sayar da araha. Da wannan dabara aka gina masana'antar da asibitocin Afirka ke dogaro da ita a yau, kuma sai a 2005 Indiya ta sauya dokar don bin ƙa'idojin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, bayan masana'antar ta riga ta tsaya da ƙafafunta.

Ƙasar Hausa ma tana da nata tsarin tun kafin zuwan waɗannan dokoki. Marubucin hannu kan kwafi littafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ko na Abdullahi na Gwandu ba tare da neman izinin kowa ba, ana ma ganin aikin lada ne, amma goge sunan mawallafi ko jingina wa kai maganarsa babban abin kunya ne a tsakanin malamai. Abin da aka tsare shi ne suna da silsila, yaɗuwa kuwa an sakar mata mara. Daga baya, a 1988, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Kuwait cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ce da shari'a ke karewa, don haka ba daidai ba ne a ce addini bai san da wannan haƙƙi ba.

Dokokin Nijeriya suna ɗauke da tabon kowane zamani da aka yi su. Dokar mallakar ƙirƙira ta 1970, wadda ke ba da wa'adin shekara 20, ta cire irin shuka da na dabbobi daga abin da za a iya mallaka, kuma a 1979, lokacin da aƙidar mayar da tattalin arziki hannun 'yan ƙasa ke tashe, aka kafa ofishin da yanzu ake kira NOTAP don bin diddigin yarjejeniyoyin da kamfanonin gida ke ƙullawa da na waje wajen sayen fasaha. Da iska ta juya zuwa sakin kasuwa a mulkin Babangida, sai aka yi dokar haƙƙin wallafa ta 1988, wadda sabuwar dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta maye gurbinta. A 2021 kuma aka yi dokar kare sababbin irin shuka, wadda ta buɗe ƙofar da dokar 1970 ta rufe.

A nan ne Maigatari ta shigo cikin batun. Garin yana jihar Jigawa a bakin iyakar Nijar, kasuwarsa ta ranar Alhamis na cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin, kuma riɗi da zoɓon da ake nomawa a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar suna bi ta hannun dillalansa zuwa ƙasashen waje, zoɓon har Meziko. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa yankin ciniki maras haraji a garin da nufin jawo masana'antu. Sai dai fasahar da ta fi yawa a wannan yanki ba ta ɗakin bincike ba ce. Manomi kan zaga gonarsa kafin girbi ya zaɓi zangarniyar geron da ta fi cika kuma ta riga sauran nuna, ya ɗaure ta daban ya rataye don iri, ya ba maƙwabci mudu guda idan shuka ta zo, kuma da irin wannan zaɓe na shekaru aru-aru aka samu gero mai jure ƙarancin ruwa da ƙasa mai yashi. Dokar 2021 kuwa tana kare irin da ya kasance sabo, ya bambanta da sauran, tsirransa suka zo bai ɗaya, kuma bai sauya hali daga shekara zuwa shekara. Irin manomi ba ya zuwa bai ɗaya, wannan rashin daidaiton ma shi ne ƙarfinsa a shekarar fari, don haka dokar ta fi amfanar kamfanin iri da cibiyar bincike. Indiya kuwa, a dokarta ta 2001, ta amince da manomi a matsayin mai ƙirƙira, ta ba shi damar rajistar irinsa.

A ƙetaren iyakar akwai wani tsarin dabam, domin Nijar mamba ce ta OAPI, ƙungiyar mallakar fasaha mai hedikwata a Yawunde, wadda ta gaji ra'ayin Faransa na kare kaya da sunan wurin da suka fito. Wannan kariya, da ake kira alamar asali, ta al'umma ce baki ɗaya, kuma tana hana wanda ba ɗan yankin ba sayar da kayansa da sunan. Lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallakar albasar Galmi, wadda Hausawan jihar Tawa suka daɗe suna nomawa, manoma da hukumomin Nijar sun tayar da jijiyar wuya har kamfanin bai samu sunan ba, daga bisani kuma aka yi wa albasar da kilishin Nijar rajista a matsayin alamun asali. Kilishi dai sana'a ce da mahautan ɓangarorin biyu na iyakar suka gada tare, amma ɗaya ɓangaren ne kaɗai ke da takarda a kansa.

Nijeriya ba ta cikin OAPI, kuma ta daɗe ba ta da doka ta musamman a kan alamar asali, saboda masu tsara dokokinta sun fi kallon kamfani da mutum ɗaya a matsayin tushen ƙirƙira. Sakamakon haka zoɓon Jigawa na fita a buhu ba suna, kuma ribar da suna ke kawowa tana tafiya ga wanda ya zuba shi a kwali a wata ƙasa. Rajista ita kaɗai ba za ta ƙara farashi ba sai an haɗa ta da ƙungiyar manoma mai ƙarfi da tsaftar kaya da awo na gaskiya, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari gwamnatin Jigawa da masarautar Gumel. Ya rage ga wakilan yankin a Majalisar Tarayya su matsa a samar da dokar alamar asali, a kuma gyara dokar 2021 ta yadda manomin da ya raya iri zai iya rajistarsa da sunan al'ummarsa.