JUMMA'AR ƊALIBI A BIRNIN ALƘAHIRA

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, da yawa daga cikin attajirai da ma'aikata masu karanta wannan fili suna da ɗa ko ƙane da ke neman ilmi a Jami'ar Azhar ta ƙasar Masar. Galibi idan uba ya sami yaronsa ta waya, tambaya biyu yake yi masa: ko kuɗi sun iso, da kuma ko an ci jarrabawa. Mu da Allah Ya nufa muka yi zaman ɗalibta a can muna ganin ya kamata a ƙara ta uku, watau yadda yaron yake yin ranar hutunsa. Kwanakin aji malamai ne ke riƙe da su, amma Jumma'a tana hannun yaro, kuma a nan ake gane wanda zai komo da guzuri da wanda zai komo da takarda kawai.

Bari mu fara da zaman yau da kullum. Wanda ya sami tallafin Azhar yakan sauka a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, masaukin da aka buɗe wa ɗaliban ƙasashen waje a 1959, inda ake ba shi makwanci da abinci. Sauran kuwa sukan haɗa kuɗi, mutum huɗu ko shida, su kama haya a unguwannin Madinatu Nasr, kowa da ranar girkinsa. Karin kumallo shi ne dafaffen wake da suke kira ful, da gurasa, da ɗa'amiyya, wadda 'yar'uwar ƙosai ce. Ranar da wani matafiyi ya zo da kuka da daddawa daga gida kuwa, ranar salla ce a ɗakin. Ga sanyin Janairu mai shiga ƙashi, ga cunkoson mota, ga layin sabunta takardar izinin zama mai cinye wuni guda. Sa'an nan ga harshe. Yaro yakan sauka yana taƙama da nahawunsa, sai ya tarar mutumin Alƙahira yana furta jimun kamar "ga", yana haɗiye ƙaf, har sayen gurasa ya zama masa jarrabawa.

Saboda wannan wahala, idan Jumma'a ta zo, wadda ita ce babbar ranar hutu a Masar, ɗalibai sukan kasu biyu. Akwai mai rufe ƙofa ya wuni bisa waya yana hira da mutanen gida, ba ya cuɗanya da kowa sai 'yan garinsu. Irinsa yakan yi shekara shida ya komo Larabcinsa bai wuce yadda ya tafi da shi ba. Akwai kuma mai bin iska, daga wannan gidan shayi zuwa wancan, har dare ya raba. Dukansu biyu sun yi hasara, gama sun zauna a bakin rijiya sun kwana da ƙishirwa.

Alhali kuwa birnin kansa makaranta ce. Ɗalibi mai hankali yakan sauya masallacin da zai yi Jumma'a mako-mako. Wannan makon ya nufi Fusɗaɗ, masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a ƙasar Masar, wajen shekara ta 641. Wani makon ya tafi na Ibn Ɗulun da aka gama a 879, ko ya tsaya a Azhar kansa, wanda aka fara salla a cikinsa a 972. In an sallame ya ratsa bayan masallacin inda masu sayar da littattafai suke, ko ya gangara kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, ya koyi ciniki da bakin mutanen gari. A maƙabartar Ƙarafa zai ziyarci Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820, kuma a nan ne aka binne Ibnul Ƙasim da Ashhabu, almajiran Imamu Malik, waɗanda sunayensu suka cika littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaurukanmu.

Har ila yau zai gane cewa shi ba baƙon farko ba ne. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ don masu zuwa daga ƙasarsu, daga baya kuma Azhar ta keɓe wa Barebari sashensu na zama. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, daga Alƙahira ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da ilmin taurari, a birnin ya rasu a 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan. Yaron da ya san wannan ba zai yi wasa da sunan ƙasarsu a titi ba.

Ba mu ce kowace fita sai masallaci da maƙabarta ba. Rai yana da hakki, kuma bakan da aka ɗaure kullum tsirkiyarsa tsinkewa take yi. Ɗalibai sukan haɗa kuɗi su hau jirgin ruwa mai filafilai a kogin Nilu da la'asar, ko su ɗauki abinci su tafi lambunan Ƙanaɗir, arewa da birnin, inda kogin ya rabu biyu. Sukan je Giza su ga dalar Fir'aunoni, ko gidan tarihin Fusɗaɗ inda aka mai da gawawwakin sarakunan a 2021. Alƙur'ani ya yi umurni a wurare da dama a yi tafiya cikin ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, to, ga su nan a kwance cikin gilashi. Sharaɗin dai uku ne: kada salla ta wuce, a san abokin tafiya, kuma kada a ci bashi don yawo.

Batun kuɗi ma abin lura ne. A watan Yuni na 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai, a watan Maris na 2024 kuma fam ɗin Masar ya sauko daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya, kaya suka yi tsada. Wannan ya tura ɗalibai da yawa neman na kashewa ta hanyar yi wa 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti tafinta da jagora. Sana'ar halal ce, amma tana da ƙaya. A nan maganar ta komo kanku, ya ku attajirai. Wanda ya sauka Alƙahira sayen kaya, ya riƙe ɗan wani mako biyu yana yawo da shi daga kanti zuwa kanti a lokacin darasi, ya sani ladan da ya ba shi bai kai abin da ya raba shi da shi ba. Ku nemi yaran a ranar hutunsu ko bayan an tashi aji, ku biya su hakkinsu cikakke. Wanda ya ce muku yana da darasi, ku sa masa albarka ku nemi wani.

Ku kuma iyaye, idan za ku aika da kuɗin wata, ku ware na littafi da na mota, ku faɗa wa yaro abin da aka ware su dominsa. Ku tambaye shi masallacin da ya yi Jumma'a, da littafin da ya saya, da abokansa na wasu ƙasashe da ba sa jin Hausa. Amsar da zai bayar za ta gaya muku abin da takardar jarrabawa ba ta faɗa.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a inda suke, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya komo mana da su lafiya. Amin.