Hattara da Dillalan Tsiraici Masu Kiran Kansu Manajoji

Wata sabuwar sana'a ta ɓullo a gefen shafukan batsa na intanet: mutanen da ke kiran kansu manajoji ko masu ba da shawarar kasuwanci. Suna farautar 'yan mata ta Instagram da TikTok, su yi musu romon baka cewa za su tallata su, su samo musu kwastomomi a Turai da Amurka, daloli su riƙa shigowa suna zaune a ɗaki. Tunda saƙon waya ba ruwansa da iyakar ƙasa, ya kamata iyaye da matasanmu su san yadda harkar take.

Shafin da ya fi suna a wannan fanni shi ne OnlyFans, wanda aka kafa a Landan a 2016. Mai kallo yana biyan kuɗin wata, kamfanin ya cire kashi 20 cikin 100, ya bar wa mai shafin kashi 80. A cikin wannan ragowar manaja ke yankar nasa, wani lokacin har rabi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Sau da yawa shi ke riƙe da lambobin sirrin shafin, shi ke ɗaukar yaran da za su riƙa hira da kwastomomi da sunan yarinyar, wani sa'in ma asusun da kuɗin ke faɗawa nasa ne. Ranar da ta ce ta gaji, hotunanta suna hannunsa. Daga nan sai barazana: ko ta ci gaba, ko a tura wa danginta.

Abin da ya faru a San Diego ta Amurka ya isa darasi. Wani kamfani mai suna GirlsDoPorn ya riƙa sa tallar neman 'yan matan da za su yi tallan tufafi. Idan suka zo sai a juya magana, a rantse musu cewa a faifai kawai za a sayar da bidiyon a ƙasashen waje, ba zai taɓa hawa intanet ba. Aka ɗora shi, sunayensu na gaskiya suka bazu, har 'yan uwa da abokan karatu suka gani. A 2020 kotu ta yanke wa mata 22 diyyar kusan dala miliyan 13. Mai kamfanin, Michael Pratt, ya tsere, aka cafke shi a Madrid a 2022, aka ɗaure shi shekara 27 a 2025. Duk da haka, ba wata kotu da ta iya tsince bidiyon daga wayoyin jama'a.

Don haka, duk wanda ya nemi ki turo hoton jikinki wai don ya gwada ki, ko ya nemi katin shaidarki da lambar sirrinki, ko ya ce kada ki gaya wa kowa, ki toshe shi nan take. Idan kuma an riga an faɗa tarkon, kada a biya mai barazana ko sisi, domin ba zai daina dawowa ba. A adana saƙonninsa a kai wa 'yan sanda ko hukumar NAPTIP. Idan yarinyar ba ta kai shekara 18 ba, dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta tanadi hukunci mai tsanani a kansa.

Iyaye kuma a sassauta. Yarinyar da ta san duka da tsinuwa ke jiranta a gida ba za ta yi magana ba, shirunta kuwa shi ne jarin azzalumin.