Yadda Ake Ƙirƙirar COM Na Bogi Don Tsohon Inji Ya Hau Netwok

Bayan bidiyon NPort, da yawanku kun tambayi yadda manhaja za ta ga na'urar da ba a jona ta da kwamfuta ba. To ga bayanin a rubuce.

RS-232 ta fito tun 1960, amma har yau ba ta yi ritaya ba. A nan Greensboro, daga ɗakunan gwaji na jami'ar North Carolina A&T zuwa Forge, wurin ƙere-ƙere, aiki da injina ne kullum, kuma tsoffin injinan CNC da na'urorin awo da yawa da wannan kafar suke magana. Haka inbatocin sola da yawa a gida. Matsalar ita ce laftof ɗin zamani ba ta da kafar, kuma wayar RS-232 ba ta cika wuce mita 15 lafiya ba.

Nan ne akwati irin Moxa NPort 5110 ke shigowa: serial ta gefe ɗaya, Ethernet ta ɗayan. Direban da za ka saka zai ƙirƙiri COM na bogi, misali COM5. Manhajarka ta ɗauka waya ce a jikinta, alhali saƙon ta netwok yake bi.

Ga matakan:

1. Akwatin na zuwa da adireshi 192.168.127.254. Sa kwamfutarka a layi ɗaya, misali 192.168.127.10, sai ka buɗe shi a burauza.
2. Ba shi adireshin dindindin. In ka bar wa DHCP, ranar da rauta ta sauya masa lamba, COM5 zai yi shiru, ƙila ana tsaka da aika wa inji aiki.
3. Zaɓi yanayin Real COM.
4. Buɗe NPort Windows Driver Manager, nemo akwatin, ka haɗa shi da lambar COM da ba kowa a kai. Masu Linux, naku zai fito a /dev/ttyr00.
5. Daidaita gudu da na injin. Yawanci 9600, 8N1 ne, amma duba littafinsa. In ka ga haruffa kamar tsutsa, nan matsalar take.

Ya ƙi haɗuwa? Duba katangar tsaro ta Windows, don Real COM na bi ta ƙofofin TCP 950 da 966.

Gargaɗi ɗaya, kuma shi ne babba: kada ka buɗe akwatin nan ga intanet kai tsaye. RS-232 ba ta san kalmar sirri ba. Duk wanda ya iso ƙofar zai iya ba injinka umarni. In kana son duba inbatar shagonku na Kano daga nesa, bi ta VPN.

Kuɗi ya yi kaɗan? Raspberry Pi da ser2net za su yi maka kusan wannan aikin. Shi ne bidiyonmu na gaba, in sha Allah.