Yisti Da Rigakafin Ciwon Hanta

Masu tuyar waina a kasuwar Shinkafi sun san in an zuba yisti a ƙullu aka rufe, zai tashi. Abin da ke tashinsa kuwa wata halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tak, wadda ba a gani sai da madubin likita. Ita ce masana su ka mai da ma'aikaciyar haɗa magani.

Cikin kowace ƙwaya akwai rubutun gado, watau DNA, shi ke umurtarta da abin da za ta sarrafa. An gama karance na yisti a 1996, aka tarar da babi wajen 6,000. In aka yanko babi daga wata halitta dabam aka dasa masa, sai ya bi umurnin, ba ruwansa da inda ya fito. Tun daga 2013 kuma, da dabarar CRISPR, har harafi guda a kan gyara masa.

Misalin da ya fi shafarmu shi ne ciwon hanta iri na B. Allurar rigakafinsa ta 1981 daga jinin masu ɗauke da cutar a ke tace ta, ga tsada, ga ƙaranci. A 1982 Pablo Valenzuela da William Rutter da abokan aikinsu a Amurka su ka dasa wa yisti babin da ke ƙera rigar ƙwayar cutar, rigar kurum, ba abin da ke cikinta. Jiki in ya ga riga sai ya zaci maharin ne, ya ɗaura ɗamara tun bai zo ba. An yarda da wannan allura a 1986. Nijeriya ta sa ta cikin rigakafin yara a 2004, sa'an nan a 2012 aka gama ta da waɗansu huɗu cikin allura guda.

To, a ganina sauran aikin ba na yisti ba ne. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, cikin goma wajen tara cutar kan zauna musu, ta ci hanta a hankali. Don haka a ke so a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran a mako na 6, da na 10, da na 14. A ƙauyukan Zurmi da Ƙaura Namoda kuwa galibi a gida a ke haihuwa, allurar tana bukatar sanyi, hanyar asibiti kuma 'yan bindiga sun sha tare ta.