Sinadarin Da Ya Sa Sanholo Ya Yi Araha

Daga Wakilinmu

Tukunyar sanholo da ake girki da ita a gidajen Yauri da Ngaski da Shanga, da wayoyin da ke ɗaukar wutar Kainji zuwa Birnin Kebbi, duk ƙarfe ɗaya ne, wato alminiyam. Amma ba kowa ya san sinadarin da ya sa har talaka yake iya sayensa ba.

Sinadarin nan curi ne na ƙwayar zarra ɗaya ta alminiyam wadda ƙwayoyi 6 na fulorin suka kewaye, yana ɗauke da cajin lantarki. In ya haɗu da ƙwayoyi 3 na sodiyam sai ya zama farin gishirin da ake kira kirayolayit. A da a Ivittuut ta ƙasar Girinlan ake haƙo shi, amma an rufe mahaƙar a 1987, yanzu a masana'anta ake haɗa shi.

Garin alumina, wanda daga cikinsa ake fitar da ƙarfen, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. A 1886 Charles Hall na Amurka da Paul Héroult na Faransa suka gano, kowa da kansa, cewa garin yana narkewa cikin ruwan kirayolayit a kan digiri 960 ko kusa da haka, kamar sukari cikin shayi. Daga nan sai a saki lantarki, ƙarfen ya kwanta a gindin tukunya.

To, sai dai aikin yana shan wuta ƙwarai. Kilo ɗaya yakan ci kimanin yunit 14. Masana'antar ALSCON ta Ikot Abasi, wadda ta fara aiki a 1997, an tsara ta ne ta fitar da tan 193,000 a shekara. Wannan na bukatar fiye da megawat 300 dare da rana, alhali madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ƙarfinta megawat 760 ne. Masana'antar ta tsaya a 1999, ta sake tsayawa a 2013.

Shi kuwa narka tsohon sanholo, kimanin kashi 5 cikin 100 na wannan makamashi yake ci. Saboda haka maƙeran da ke zuba tukwane daga gwangwanaye da tarkacen injuna ba ƙaramin aiki suke yi wa ƙasa ba. Ya kamata ƙananan hukumomi su tsara tattara waɗannan tarkace, ɗalibanmu kuma su riƙe darasin kimiyya da muhimmanci.