Littafi Mai Wuya: A Karanta Ko A Bari?

Jama'a, akwai littafin da sunansa ke riga shi zuwa gari. Tun ba ka gan shi ba za ka ji ana cewa yana da wuya. Sai mutum ya tsaya yana wasi-wasi: in kashe kuɗina in saya, ko in bar shi? Ɗaya daga cikin irin waɗannan littattafai shi ne Ganɗoki.

Malam Muhammadu Bello Kagara ne ya rubuta shi. Shi yayan Alhaji Abubakar Imam ne, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja. A shekarar 1933 aka shirya gasar rubuta labarai da Hausa a Zariya. Daga wannan gasa aka sami littattafan nan biyu, aka buga su a 1934.

Ganɗoki labarin wani jarumi ne na ƙasar Kwantagora. Ya yi yaƙi da Turawa lokacin da suka zo cin ƙasar Hausa. Daga baya ya nufi gabas da ɗansa Garba Gagare, har suka shiga ƙasashen aljannu. Da ya komo gida, ya tarar zamani ya sake.

To, ina wuyar take? Wuri uku ne. Na farko, akwai kalmomin yaƙi na zamanin da, waɗanda yau ba a cika jin su ba. Na biyu, akwai kirari da yawa, shi kuwa kirari ba a gane shi da karatu ɗaya. Na uku, akwai sunayen sarakuna da garuruwa. Ga kuma tarihi ya gauraya da ƙage. Turawa sun ci Kwantagora a 1901, an yi yaƙin Burmi a 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Wannan tarihi ne. Zancen aljannu kuwa marubucin ne ya ƙaga.

Kafin ka yanke shawara, yi gwaji. Kada ka fara da saye. Ari littafin wajen malamin ajinku ko wani ɗan makaranta. Karanta shafi uku a bayyane, sannu a hankali. Rubuta duk kalmar da ba ka sani ba a takarda. Sa'an nan ka tambayi kanka abu biyu. Na gane abin da ya faru? Ina son in ji abin da zai biyo baya?

In amsar duka biyun i ce, ci gaba. Wuyar kalmomi tana da magani. Kai takardarka wurin tsofaffin ƙauye. Su za su gaya maka sulke rigar ƙarfe ce, lifidi kuma rigar auduga ce mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa. Kai kana da karatu, su suna da tsohuwar Hausa. In kun haɗu, kowa ya ƙaru.

In kuwa ka karanta shafi uku ba ka kama komai ba, ajiye shi tukuna. Wannan ba abin kunya ba ne. Kada ka ce kanka ne ba ya ja. Abin tsoro shi ne littafi guda ya sa ka fid da rai, ka daina karatu gaba ɗaya. Wanda ya daina karatu kuwa, haruffa sukan gudu daga kansa. Fara da Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce. In ka gama su, komo kan Ganɗoki bayan kaka, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi.

Shawararmu ita ce, Ganɗoki ya cancanci wahalarsa. Zai nuna maka yadda zuwan Turawa ya kasance a idon mutumin ƙasa, ya kuma ƙara maka Hausa. Shafi biyu kowane dare ya isa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.