Tashe: Labari Cikin Rawa da Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe yakan ɗauka cewa da zarar ya rubuta baitocin waƙa ya gama aiki. Wannan takarda za ta nuna cewa a wasan tashe baki ba ya faɗar komai da komai. Shiga da tafiya da rawa su ke cike sauran labarin.

2.0 Asalin Tashe

Kalmar tashe ta samo asali ne daga aikatau "tashi" ko "tayar". Wasan ya tsiro daga al'adar tayar da mutane domin yin sahur a watan azumi, musamman gwagware, waɗanda ba su da matar da za ta tashe su. A hankali yara suka mayar da abin wasan dare. Ana farawa idan azumi ya kwana goma, wato a goma ta wuya. Bayan an sha ruwa, yara kan bi gida gida, a ba su hatsi ko kuɗi. A birnin Kano akwai sarautar Nalako, Sarkin Gwagware, wanda shi ne jagoran tashen gwauro.

3.0 Ginshiƙan Wasan

Tashe na da ginshiƙai huɗu: shiga, waƙa, kiɗa da motsin jiki. Waƙar ta bayarwa ce da amshi, kiɗan kuwa ko da gwangwani ya wadatar. A wasan Tsoho da Gemu, yaro kan manna gemun auduga, ya riƙe sanda, ya ranƙwafa yana rawa da kyar. Tun bai buɗe baki ba, an san tsufa ake kwaikwayo. A Jatau Mai Magani ana kwaikwayon mai tallar maganin gargajiya da tarkacensa. A wasan Mairama da Daudu kuwa, yarinya ɗaya kan yi shigar miji, ɗaya ta amarya, a nuna ladubban zaman aure.

4.0 Kwatanci da Rawar Katak

Ba Hausawa kaɗai ke ba da labari da jiki ba. A arewacin Indiya akwai rawar Katak, wadda sunanta ya fito daga kalmar Sanskirit "kata", ma'ana labari. Ana danganta asalinta ga masu yawo suna ba da labaran addinin Hindu, kafin ta bunƙasa a fadoji, kamar fadar Wajid Ali Shah na Lakno, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1856. Mai rawar kan ɗaura ƙararrawa a idon sawu, ya buga ƙafa daidai da kiɗan tabla, ya bayyana labarin da hannu da fuska. Masu kallon finafinan Indiya sun gan ta a Pakeezah na 1972.

Bambancin shi ne, Katak tana da gidajen koyarwa, irin na Lakno da Jaifur da Banaras, inda almajiri ke gadon malaminsa. Tashe kuwa ba shi da makaranta sai dandali. Idan yaran unguwa suka daina fita na 'yan shekaru, waƙar na iya saura a takarda, amma rawar ta tafi.

5.0 Kammalawa da Jinga

Saboda haka, mai nazarin tashe ya rubuta abin da ido ya gani tare da abin da kunne ya ji. Ɗaliban da suka fito daga ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, kamar Mai Wurno kusa da Sinnar, garin da masu hijira suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, su tambayi dattawansu wasannin azumin da suka yi a yarinta. A rubuta sunan wasa, da shigar da ake yi, da yadda ake taka rawar, sannan a kwatanta da na Kano.